Gonar Abarba Ta Raba Ni da Babana

Edita, ina yi maka sallama, kai da duk mai bibiyar wannan shafi. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku a duk lokacin da mujallar ta iso mana nan ƙasar Gana, yau kuma na ga ya kamata ni ma in sauke nawa. Ba zan kama sunan kowa ba, domin wasu sun rasu, wasu kuma 'ya'yansu suna nan muna gaisawa.

A farkon shekarun tamanin ni budurwa ce da ta ɗan haura ashirin, haifaffiyar unguwar Nima a Ankara, babban birnin ƙasar nan. Ina cikin 'yan matan unguwarmu ƙalilan da aka bari suka yi nisa a boko, har na koyi buga tafireta. Babana ne ya tsaya mini a kan haka, duk da surutun mutane. Shi mutumin Nijar ne, ya shigo ƙasar nan yana saurayi ya yi lebura a gonakin koko, daga baya ya zauna a Nima ya gina gida kusa da babbar kwata, ya zama mai masauki. Duk shekara idan an gama girbi a arewa, 'yan cirani sukan sauko daga Nijar da arewacin Gana, su sauka a zaurenmu. Babana ya ciyar da su, ya nema musu aiki, idan an yi rigima ya shiga tsakani, idan wani ya mutu shi ke yi masa sutura. Manajojin gonaki sun san shi, sukan aiko mota ta kwashi mutane, shi ma su ba shi nasa. Ba wanda ke ganin aibu a haka, ni ma ban gani ba. Mahaifiyata na sayar da wake da shinkafa a bakin titi, abin da a nan muke cewa waakye, kuma ni ce mai kai wa baƙi abinci tun ina ƙarama. Sukan yi wa Hausata dariya, wai mu 'yan Nima ba mu raba mace da namiji a magana, kowa shi ne. Da safe mota ta kwashe su, bayan watanni su dawo a rame, su sayi keke ko atamfa su koma gida. Ban taɓa tambayar abin da ke faruwa tsakanin tafiyar da dawowar ba.

Na samu aikin buga takardu a ofishin wata ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gona, wadda mutane ke kira yuniyan. Aikina bai wuce tafireta da dafa shayi ba. A ofishin akwai wani dattijo, ɗan ƙabilar Ga, siriri mai furfura, kowa na kiransa Papa. Shi ke yawon gonaki. Wata rana ya ji ina amsa wa wani mai tallar goro da Hausa, sai ya tsaya ya dube ni kamar ranar ya fara ganina. Ya ce akwai wata gonar abarba a can bayan gari da ya sha zuwa yana dawowa haka nan, domin leburorin ba su jin Turanci, ba su jin Twi sai na gaisuwa, kuma mai yi masa tafinta shi ne shugaban leburorin, wato mutumin manaja. Ya roƙe ni in raka shi sau ɗaya kawai. Na yarda, ina ganin yawon buɗe ido ne.

Da muka isa ranar Lahadi ce da hantsi, ba a aiki. Mutanen suna zaune a inuwar wata doguwar rumfar kwano, kuma tun daga nesa na gane su. Baƙinmu ne. Waɗanda na kai wa tuwo da hannuna. Suka miƙe suna murna suna cewa ga 'yar mai gida, suna zaton saƙo na kawo daga Babana. Na leƙa cikin rumfar da suke kwana, sai wani wari ya buge ni har idona ya kawo ruwa. A gefe guda tabarminsu ne, a ɗaya gefen jarkokin maganin ƙwari ne jibge, babu ko katanga a tsakani. Jarkokin da suka ƙare su ne suke ɗaurayewa su ɗebo ruwan sha da na alwala. Suka nuna mini injin feshi da ake goyawa a baya, yana yoyo, duk wanda ya goya shi sai fatar bayansa ta saɓule. Ba ƙyallen rufe hanci, ba safar hannu, ba takalmin roba, ƙayar ganyen abarba ta yayyanke musu hannuwa da ƙwauri, magani kuma yana shiga raunin.

A cikinsu akwai wani magidanci mutumin Tawa, wanda ya fi kowa daɗewa yana sauka a gidanmu. Kawu nake ce masa. Mutum ne mai barkwanci, shi ya fi kowa tsokanar Hausata. Ranar yana zaune a ƙuryar rumfa, ya ɗaure idanunsa da tsumma. Da na gaishe shi ya gane muryata, ya kwance tsumman, na ga idanun sun yi jawur sun kumbura, ɗayan ya fara fari. Ya ce iska ce ta juyo masa da feshi a fuska, tun makonnin baya, shugaban lebura ya ce ya wanke da ruwa zai wuce. Na ce me ya hana shi zuwa asibiti. Ya yi murmushi ya ce, "'Yar mai gida, a asibiti abin da za su fara tambaya shi ne daga ina kake." Sannan ya roƙe ni kada in ɗaga maganar, ya ce saura kaɗan a cire abarba ya koma gida.

A hanyar dawowa muka shiga trotro, motar haya ta nan ƙasar. Papa ne ya yi ta magana a ciki. Ya ce a doka lebura lebura ne ko daga ina ya fito, amma ba wanda zai saurari koken mutum ɗaya, sai sun haɗa kai sun shiga ƙungiya sannan zai iya zama da manaja da sunansu. Ya kuma faɗa mini gaskiya, ya ce ƙungiya na iya kare su a matsayin ma'aikata, amma ba ta da abin da za ta yi wa wanda ba shi da takardar zama a ƙasa. Na ji wannan magana da kunnena, amma idon Kawu ne kawai ke cikin kaina.

Washegari bayan la'asar na samu Babana a ƙofar gida yana lazimi. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da na gani. Na ɗauka zai firgita, sai na tarar ya sani. Ya ce ya yi wa manajan magana a kan rumfar ba sau ɗaya ba, kuma zai aika a ɗauko Kawu a kai shi wurin wani mai magani. Da na ambaci ƙungiya sai fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni ko ina tuna shekarar da aka ce baƙi su bar ƙasar. Na ce ina tunawa kaɗan, ina yarinya lokacin. Ya ce shi yana tunawa da yawa. Ya ce a shekarar ya raka ƙanensa tasha da mata da jariri, ya ga yadda mutane suka sayar da gidajensu kamar kyauta, kuma har yau bai sake sa ƙanen nan a ido ba. Ya ce mutanen zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, sun rayu a ƙasar nan ne saboda sun iya yin shiru, matsalarsu su kashe ta a cikin gida, kuma duk abin da ke da ofis da hatimi hukuma ne, ko da wane suna ya zo. Ya ce mini, "Ki yi aikinki na buga takarda, ki bar mini baƙina." Babana bai taɓa hana ni wani abu da irin wannan murya ba.

Ban bari ba. Duk Lahadi sai in ce zan je wajen wata ƙawata a unguwar Kanda, in bi Papa gonar. Mai maganin bai yi wa Kawu komai ba, idon sai ƙara lalacewa yake, wani saurayi kuma ya fara tari yana tofar da jini. Muka riƙa zama da su a ƙarƙashin wani mangwaro, Papa ya faɗa da Turanci in juya da Hausa, waɗanda ke jin Zabarmanci su juya wa 'yan uwansu. Da farko ba mai amsawa, kowa sai ya dubi ƙasa. Wani ya tambaye ni ko mai gida ya san da zuwana, na ce ya san ina aiki da ƙungiya, na bar maganar a nan. Na faɗa musu batun takardar zama kamar yadda Papa ya faɗa, amma na san na fi ba ɗaya ɓangaren ƙarfi, domin shi nake so su ji. A ƙarshe wani dattijo a cikinsu ya ce shi dai ya gaji da kallon Kawu yana lalube, idan za a kai shi asibitin gaske to shi ya shiga. Sai suka bi shi.

Sun shiga yajin aiki daidai lokacin da abarba ta nuna, lokacin da ba ta jira. Manaja bai ja da nisa ba. Papa ya zauna da shi, ni ina gefe ina juya wa wakilan leburorin abin da ake cewa. Aka yarda a raba wurin kwana da wurin ajiye magani, a kawo tankin ruwa, a ba masu feshi abin rufe hanci da ido da takalmin roba, a kai Kawu da mai tarin asibiti, gonar ta biya kuɗin. Ranar na koma gida kamar in yi tsalle a titi. Ina ganin da Babana ya ji sakamakon zai huce.

Murnar ba ta yi nisa ba. Ana gama cire abarba sai jita-jita ta bazu a gonar cewa za a zo duba takardu, wai tunda sun shiga ƙungiya hukuma ta san da su. Har yau ban san wanda ya fara ta ba, kuma ba wanda ya zo. Amma jita-jitar ta isa. Mutanen suka watse ta daji, wasu ko haƙƙinsu ba su tsaya karɓa ba, wasu suka bar kayansu a zaurenmu ba su dawo ɗauka ba. Manajan ya aiko wa Babana cewa daga yanzu ba ya bukatar mutanensa, zai riƙa ɗauko lebura daga wani wuri. Sauran manajojin da suka ji labari su ma suka janye. Kafin mako ya zagayo duk Nima ta san cewa 'yar mai masauki ta kai baƙin ubanta ga hukuma.

Babana bai dake ni ba, bai zage ni ba, bai ce in bar masa gida ba. Da ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Shiru ya yi mini. In na gaishe shi ya amsa sallama, domin wannan wajibi ne, ba ya ƙara komai. In na kawo masa abinci ya bari sai mahaifiyata ta zo ta gyara kwanon sannan ya buɗe. Zauren da na tashi ina jin hayaniyarsa ya zama fayau, sai tabarmi a naɗe a jikin bango. Mutumin da ake layi a ƙofarsa da safe ya koma zama shi kaɗai da carbi. Na kasa jure kallonsa haka, na kuma ga mahaifiyata tana ramewa a tsakaninmu, sai na kama ɗaki a Maamobi a gidan wata tsohuwa 'yar ƙabilar Kotokoli. A wancan zamani budurwa ta kama ɗaki ita kaɗai wani abin magana ne dabam. Da na faɗa wa Babana zan tafi, ya ce Allah ya tsare, bai ɗago kai ba.

Edita, tsakanin Nima da Maamobi tafiyar ƙafa ce, amma a wurina kamar na ƙetare teku. Ɗakin ƙarami ne a ƙarshen wani lungu, taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabta. Gidan cike yake da mutane, ana girki, ana faɗa a kan famfo, yara na kuka, rediyo na tashi ta ko'ina, amma in na fito tsakar gida sai hira ta mutu har in wuce. A zango mace da biki take rayuwa. Suna, aure, walimar sauka, kowace Lahadi akwai inda za a je, ana fitar da anko ana ɗinki tare. Aka daina aiko mini goron gayyata. Ina jin kiɗa daga ɗakina, in san bikin wace ce, wata ma tare muka yi makarantar allo, in zauna ina ninke kayan da na riga na ninke. Akwai wani tela da ke nemana da aure, har manya sun fara magana. Bai taɓa ce mini ya fasa ba. Ya dai rage zuwa, sannan ya daina, sannan na ji kiɗan bikinsa shi ma daga wannan taga.

A ofis ma ba gida ba ne. A wurinsu ni 'yar zango ce, mai ɗaure kai, mai shiga bayan kabad ta yi salla. Suna yaba mini a gaban baƙi, su ce ga wadda ta tsayar da gona, amma da an tashi kowa ya kama hanyar mutanensa. Sai kuma aka shiga shekarar yunwa, fari ya yi tsanani, gobarar daji ta cinye gonaki, mutanen ƙasa da ke aiki a Najeriya suka dawo da yawa suna neman abin yi. Ƙungiya ta koma kan 'ya'yanta 'yan ƙasa. Wani babba a ofishin ya ce mini a fili, yanzu ba lokacin maganar baƙi ba ne. Papa ya yi ta gardama har ya gaji, ƙafarsa kuma ta fara kumbura, ya ajiye aiki ya koma garinsu a bakin teku. Ranar da zai tafi ya ce mini, "Sista, na ja ki cikin abin da ya fi ki tsada fiye da ni." Daga ranar ba ni da wanda zan yi maganar da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne su kansu leburorin. Wasu daga cikinsu sun maƙale a Ankara suna dako a kasuwa. In na hango ɗaya na nufe shi da fara'a, sai ya juya kai ya shige cikin mutane. Ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne, kada a gan shi da 'yar yuniyan. Azumin shekarar ni kaɗai nake shan ruwa. Mahaifiyata takan zo a ɓoye da ɗan kwano a cikin mayafi, ta zauna a bakin gado ta yi ta kallona ina ci, ta ce in je in ba Babana haƙuri. In ce na ba shi, ya ƙi kallona. Ta ce in ce masa na yi kuskure. In ce ba zan iya cewa idon mutum kuskure ne ba. Sai ta yi kuka, ni ma in yi, ta ɗauki kwanonta ta tafi. Ranar salla na yi wanka na sa sabon zane na je idi, na dawo na zauna a ɗaki da kwalliyata har rana ta faɗi. Tsohuwar mai gidan ce kawai ta turo ƙofa ta ajiye mini nama a faranti, ba ta jin Hausa sosai, ta dafa kafaɗata ta fita.

Wata rana mahaifiyata ta faɗa mini cewa an sallami Kawu daga asibiti tuntuni, ido ɗaya ya tafi, ɗayan an ceto shi, kuma yana zaurenmu. Babana ne ya je da kansa ya ɗauko shi, yake ciyar da shi a wannan yunwa, daga abin da ba shi da shi. Na jira lokacin da Babana ke masallacin Juma'a na je. Na same shi a zaune shi kaɗai a cikin wannan babban zaure. Na gaishe shi, na kasa ci gaba, sai hawaye. Ya bari na gama, sannan ya ce da ba don ni ba da yanzu sanda ce ke ja masa gora, kuma wannan zai faɗe shi a gaban kowa. Ya ce amma akwai abin da yake so in sani. Ya ce, "Ranar da abu ya ɓaci, ke kin san inda za ki kwana. Mu hanya ce kawai a gabanmu." Ya lissafa mini mutanen da suka koma gida hannu wofi a shekarar da rumbunansu ba komai, ya ce bai san yadda suka ƙare ba. Bai faɗa da zafi ba. Har ya tsokane ni kafin in tafi, wai har yanzu ban koyi Hausa ba. Bayan 'yan kwanaki Babana ya raka shi tasha, ban sake jin labarinsa ba.

Haka na zauna shekaru. Na ci gaba da buga takardu, ba na zuwa gona, ba na zuwa biki. Zauren Babana ya ɗan farfaɗo, amma bai koma kamar da ba. Sai wata safiya ina shirin fita aiki na ji sallama a ƙofar ɗakina, muryar da ko cikin barci na san ta. Na buɗe na ga Babana tsaye a lungun, ya tsufa fiye da yadda na zata, takalminsa duk caɓi. Bai taɓa taka gidan ba. Na rasa inda zan sa kaina, na shimfiɗa masa darduma, ya ce ba zama ya zo yi ba. Ya ce wani baƙonsa ya faɗi a wata gonar kayan lambu yana cikin feshi, ya rasu, masu gonar suna so a binne shi a can cikin gaggawa a ce zazzaɓi ne, kuma mamacin ya bar mata da 'ya'ya a gida. Ya ce ya je ya yi magana irin tasa, ba wanda ya saurare shi. Sannan ya ce, "Ki zo da mutanenki."

Ba ni da mutane, Edita. Na je ofis na yi ta roƙo har wani matashin jami'i ya yarda ya biyo mu. Muka shiga trotro, ni da Babana a kujera ɗaya, kafaɗarsa na gugar tawa a duk rami har muka isa. A wannan karon kafin a buɗe baki da masu gona sai da Babana ya tara leburorin shi da limaminsu, aka tambaye su abin da suke so da abin da suke tsoro, aka ware waɗanda ba su da takarda aka ce su koma gefe, masu takarda su tsaya a gaba. Aka samu a duba gawar, aka kawo ta Ankara aka yi mata sutura yadda ya kamata, aka kuma samo wa iyalinsa diyya, Babana ya ba wani amintaccensa ya kai. Ba wanda ya gudu. A hanyar dawowa ya sayi ayaba ta taga ya miƙo mini ɗaya. Iyakar sulhun da muka yi ke nan.

Daga nan na koma yawon gonaki, na yi shekaru ina yi, amma ban sake shiga wata gona ba sai na fara bi ta wurin masu masauki da limamai, ko da hakan zai ja lokaci. Wasu sun karɓe ni, wasu sun rufe mini ƙofa. Na koma zuwa gidanmu, ina gaida Babana yana amsawa har ya tambayi aiki. Na yi aure a makare, da wani direba da matarsa ta rasu, mutumin kirki, Allah bai ba mu haihuwa ba. Babana ya rasu a shekarun casa'in. Kullum ina cewa wata rana zan zauna da shi mu buɗe maganar gonar abarba, in ji ko ya yafe mini, in faɗa masa cewa na gane tsoronsa ba na banza ba ne. Shi bai tayar ba, ni ma na ji nauyi, har aka fita da shi ta wannan zaure.

Yanzu na tsufa, kuma na sha juya abin a raina. Ban yi nadamar tsayawa ba, domin na ga abin da ke cikin rumfar nan da idona. Abin da nake nadama shi ne gaggawa, da yadda na ɗauka cewa tunda ina da gaskiya ba na bukatar kowa. Ina kira ga 'yan uwa matasa masu zafin zuciya a kan zalunci, musamman masu tsaya wa baƙi da leburori: kafin ka yi magana da yawun mutum, ka zauna ka ji abin da zai rasa idan abu ya juye, ka faɗa masa haɗarin da ƙarfin muryar da ka faɗa masa ribar, kuma kada ka tsallake dattawan da ya dogara da su, ko da kana ganin sun gaza. Ku kuma iyaye da mutanen unguwa, idan ɗanku ya taɓo abin da kuke tsoro, ku yi masa faɗa, ku ja kunnensa, amma kada ku yi masa shiru. Na ga yunwa, na ga talauci, na ga mutuwa, ban ga abin da ya kai zama a tsakiyar mutanenka kana jin kiɗansu ta taga ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Babana a addu'a, da baƙinsa da suka bi daji a waccan shekarar, waɗanda har yau ban san ko sun isa gida ba.